Mai Fiyano, Ka Taɓa Leƙa Jami'ar Bayero?

Duk wanda ya bi ta Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ranar Asabar da la'asar zai iya cin karo da shi: saurayi a bayan adaidaita sahu, ya ɗora doguwar baƙar jaka a cinya yana tallafe da ita kamar jariri. Fiyano ce a ciki, wato Yamaha mai aiki da lantarki, wadda mu Kanawa muka laƙaba wa wannan suna. Wajen dinar biki ya nufa. Wasu irinsa ko sakandare ba su gama ba.

Sana'ar ta daɗe a wannan yanki. Tun bayan da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, kiɗan fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, sitidiyo-sitidiyo suka yawaita a titin Gidan Zoo, nan kusa da mu. A can yaro yake farawa. Ya yi shara, ya naɗe waya, a aike shi sayo ruwa, sai maigida ya fita salla ko cin abinci sannan ya sami damar ɗora yatsa.

Suna kuwa ba a TikTok kaɗai ake yin sa ba, ko da yake yana taimakawa. Baki ne ke kai shi. Uwar amarya da ta ji daɗin taronta ita za ta ba ƙawarta lambarka. Mawaƙi ba ya manta makaɗin da ya riga kowa isowa, ya gwada lasifika, ya kuma gane muryarsa ta gaji ya sauke masa kiɗan ba tare da jama'a sun lura ba. Haka nan ba ya manta wanda ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a wuri biyu rana ɗaya. Wannan kuskuren, sau ɗaya ya isa.

Abin da ke damun mu shi ne, bayan duk wannan wahala, mawaƙi ake yi wa liƙi. Mai kiɗa sai in an ga dama a ambaci sunansa a baiti ɗaya. Ga dare da ake rabawa, ga aji da safe.

Shi ya sa muka ware rana guda muka zaga Jami'ar Bayero da idon makaɗi. Daga Darmanawa mun bi ta Ɗan'agundi, muka fara tsayawa a tsohuwar harabar da ke daura da ganuwa, sannan muka wuce Kabuga zuwa sabuwar da ke titin Gwarzo. Makarantar ta soma ne a matsayin kwaleji a 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A sabuwar harabar akwai Tsangayar Sadarwa, wadda a ƙarƙashinta ake karantar aikin jarida da wasan kwaikwayo, ga kuma gidan rediyon jami'ar, BUK FM, a kan mita 98.9. A wannan jami'a Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana rubutu kan waƙoƙin fim da kiɗan fiyano, har Turai ana karanta shi. Kiɗan da ake raina wa yaro a gida, ashe abin nazari ne a nan.

Ba mu ce digiri zai ƙara wa yatsu gudu ba. Amma wanda ya san haɗa sauti, ya iya karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, ya san haƙƙin mallaka, da wuya a sayi kiɗansa da kuɗin shayi. Ƙofar shiga kuwa ba ta duba yawan bukukuwan da ka yi. Kiredit biyar har da Turanci take nema a WAEC ko NECO, da makin JAMB. Ɗan aji uku na babbar sakandare da aka kira aiki ana gobe jarrabawa, ya miƙa wa abokin sana'a wannan daren. Bayan Salla bukukuwa za su dawo.