Zare, Doki da Kyamara: Adon Gani a Sokode da Dapaong

Wannan shiri na musamman ya nufi ƙasar Togo, zuwa garuruwa biyu da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Lome a bakin teku ta miƙe har iyakar Burkina Faso, wato Sokode, hedikwatar yankin Tsakiya kuma cibiyar ƙabilar Tem waɗanda Hausawa suka fi sani da Kotokoli, da kuma Dapaong, hedikwatar yankin Savanes a can ƙuryar arewa, inda Moba da Gurmawa suka fi yawa. Batun shirin shi ne adon gani, ma'ana duk abin da al'umma ke ƙerawa domin ido ya kalla, tun daga saƙa da ɗinki da sassaƙa har zuwa hoto, tare da tambayar da ke biye da shi, wato wane ne ke zaɓen abin da duniya za ta gani daga waɗannan garuruwa, kuma me ake bari a bayan kyamara.

Bahaushen da ya shiga Sokode ba zai daɗe yana jin kansa baƙo ba, kuma dalilin haka yana cikin tarihin fatauci. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da sauran biranen ƙasar Hausa ɗauke da kanwa da baƙin rini da kayan dukanci, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Djougou, su yada zango a ƙasar Kotokoli kafin su isa Salaga a Gwanja domin sayen goro, yayin da wata hanyar ta arewa ke bi ta ƙasar Gurma ta sauka Sansanne Mango, kudu da inda Dapaong yake a yau. Unguwar Didawure, wadda ita ce tsohuwar unguwar Musulmi a Sokode, ta bunƙasa ne da irin waɗannan baƙin 'yan kasuwa da malamai. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa waccan kasuwa, Jamusawa kuma suka kafa barikinsu a Sokode a ƙarshen shekarun 1890, amma babbar riga da rawani da sirdi da linzami sun riga sun zauna daram a al'adar garin.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne masaƙa. A Sokode da Bafilo da ƙauyukan da ke kewaye da su, masaƙa, galibinsu maza, suna amfani da ƙaramar masaƙar nan da aka sani a faɗin Afirka ta Yamma, wadda ke fitar da siririn ƙyalle mai faɗin tafin hannu ko ɗan fiye da haka. Masaƙi yana taka allera da yatsun ƙafa domin buɗe zaren tsaye, yana jefa ƙoshiya daga hannu zuwa hannu, yayin da dutsen da ake kira kunkuru ke riƙe da ƙarshen zaren daga nesa yana jawowa sannu a hankali. Gwanintar tana bayyana ne a lokacin da aka haɗa ƙyallayen gefe da gefe aka ɗinke, domin tun kafin a jefa ƙoshiyar farko masaƙi ya riga ya lissafa a ransa inda ratsin baƙi zai haɗu da na fari ko na ja, da inda zai bar su su saɓa da gangan saboda zanen ya yi motsi a jikin mai shi. Wannan lissafi shi ne abin da makarantun zamani ke kira ilimin tsara fasali, kuma abin takaici ne a ce ana yi wa mai shi kallon ɗan ƙwadago kawai, alhali hannunsa da idonsa ne suka haifi zanen.

Sau ɗaya a shekara, a daidai watan Maulidi, wannan ado yana fitowa fili a bikin Gadao-Adossa. Gadao godiya ce bisa amfanin gona, Adossa kuwa bikin wuƙaƙe ne da ake dangantawa da mayaƙan Semasi, wato mahayan dawakan sarakunan Tem na da, inda maza ke goga kaifin wuƙa a jikinsu domin nuna jarumta, kamar yadda 'yan tauri ke yi a ƙasar Hausa. Yawancin hotunan Sokode da ke yawo a mujallun yawon buɗe ido da intanet hotunan wannan wuƙa ne, saboda ita ce ke razana baƙo nan take. Sai dai mai ɗaukar hoton da ya tsaya a nan ya yi asarar abin da ya fi wuyar samu, domin a gefensa akwai mahaya cikin manyan riguna masu aikin hannu, dawakansu sun sha jalala da tunkun fata da ƙira ta tagulla, sannan akwai rawar Kosso ta mata, inda ake fito da zannuwan saƙa da aka daɗe ana ɓoyo a adaka. Kowane sirdi a wannan fili aikin masassaƙi da baduku da maƙeri ne a haɗe, kuma da wuya a ga sunan ko ɗaya daga cikinsu a ƙarƙashin hoto.

A Dapaong lamarin ya ɗauki wata siga. Abin da ya fitar da sunan Moba a kasuwar kayan fasaha ta duniya shi ne sassaƙen icen da suke kira ciceri, wanda siffar mutum ce da aka rage ta iyakar ragewa, kai dunƙulalle babu ido babu baki, gangar jiki doguwa, hannuwa a sake. A addinin gargajiyar Moba, mai duba ne ke umartar a sassaƙa shi, kuma iri uku ne: ƙarami na mutum ɗaya, matsakaici na wurin tsafin gida wanda ke wakiltar iyaye da kakanni na kusa, da babba wanda ake kafawa a ƙasa domin tunawa da kakan da ya kafa zuriya, a bar shi rana da ruwa su ci shi. Masaniyar fasahar Afirka Christine Mullen Kreamer ta yi nazarinsa a shekarun 1980. Masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka sun ƙaunace shi saboda ya yi kama da sassaƙen zamaninsu, har zaizayar da gara da damina suka yi masa ta zama abin ƙara masa kuɗi, sai aka riƙa ɗora shi a kan ƙarfe ana ɗaukar hotonsa a gaban farin bango, ba tare da gidan da ya fito ko zuriyar da yake wakilta ba. Haka nan rumbunan laka da aka gina cikin kogunan Nok da Mamproug a matsayin mafaka lokacin hare-hare, waɗanda ke jerin jiran amincewar hukumar UNESCO tun 2000, da zanen kan dutse na Namoudjoga, an fi sanin su ta idon matafiyi.

Togo ba ta rasa masu ɗaukar hoto na kanta ba. Alex Acolatse, wanda ya rayu daga 1880 zuwa 1975, ya ɗauki manyan Lome da gine-ginenta, Cornélius Azaglo kuma, haifaffen Togo da ya zauna Korhogo a Kwaddibuwa, ya zaga ƙauyuka yana ɗaukar fuskokin manoma domin katin shaida, aikin da daga baya aka gane fasaha ce mai daraja. Amma nauyin harkar adon gani a ƙasar ya karkata kudu, inda matan nan 'yan kasuwa da ake kira Nana Benz suka mamaye cinikin atamfar Holand, inda Paul Ahyi ya tsara tutar ƙasar a 1960, kuma inda aka mayar da tsohon gidan gwamnan mulkin mallaka cibiyar fasaha mai suna Palais de Lomé a 2019.

Wayar salula ta fara sauya wannan rabo. Tela a Zangon Sokode kan yanka ƙyallen saƙa ya yi wa kaftani ko doguwar riga kwalliya da shi, ya ɗauki hoto ya tura wa masu saye ta WhatsApp da Facebook, kuma 'yan garin da kansu ne yanzu ke ɗaukar hawan Adossa, suna ambaton mahayi da gidansu, abin da baƙo ba zai iya ba. Gasar tana da tsanani, domin gwanjo da yadin kanti mai kwaikwayon ratsin saƙa sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma mai saye a waya ba ya iya shafa zane ya ji kaurinsa. A yankin Savanes kuwa, dokar ta-ɓacin tsaro da aka kafa a watan Yunin 2022 bayan hare-haren 'yan bindiga a kan iyaka ta rage zuwan baƙi masu kyamara, don haka adana siffar kasuwar Dapaong da rigunanta da gidajen lakarta ya koma hannun matasan garin da ke riƙe da waya.