Onslow: Garin bakin teku da rufin gidajensa ya riƙe masa wuta na minti 80

A watan Mayun 2021, an kashe injinan gas da ke bai wa garin Onslow wutar lantarki da tsakar rana, amma ko fitila ɗaya ba ta mutu ba. Tsawon minti 80 garin ya yi yana amfani da wutar sola da batir kaɗai, kuma fiye da rabin wutar solar daga rufin gidaje da shagunan mazauna ta fito.

Onslow ƙaramin gari ne a gaɓar tekun yammacin Ostireliya, a yankin Pilbara, kimanin kilomita 1,400 arewa da birnin Perth. Mazaunansa ba su kai 1,000 ba. Saboda nisansa ba a haɗa shi da babban layin wutar jihar ba, don haka tasharsa daban take, a ƙarƙashin kamfanin Horizon Power mallakar gwamnatin jihar.

Wanda ya saba da sola a Kano ko Maraɗi zai iya cewa minti 80 ba wani abin a zo a gani ba ne, tunda akwai gidajen da ke wuni su kwana a kan sola. Sai dai akwai bambanci. A can kowane gida da nasa inbata da batir, ba ruwansa da maƙwabci. A Onslow kuwa farantan kowane gida a jone suke da layin garin, duk rarar da gida ya samar tana zuba cikin wayar da kowa ke sha.

A nan ne matsalar take. Dole ne wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake ja a kowace daƙiƙa. Idan rana ta take, rufin gidaje na iya tura wutar da ta fi ƙarfin buƙatar ƙaramin gari. Da zarar gajimare ya gifta, sai ta faɗi a lokaci guda a duk gidajen, domin garin bai da faɗin da wata unguwa za ta kasance cikin rana wata cikin inuwa. Injin da bai farfaɗo da sauri ya cike giɓin ba sai ya jefa kowa cikin duhu. Shi ya sa kamfanin ya daɗe yana ƙayyade yawan solar da za a iya jonawa a garuruwa irin su Broome da Carnarvon, har mutane da kuɗinsu a hannu suka riƙa jiran a ba su izini.

A Onslow sai aka bi wata hanya. Kamfanin ya sama wa mazauna sola da batir a farashi mai rahusa, sannan ya haɗa su da wata manhaja da ke lura da hasashen yanayi da yadda ake jan wuta, tana umartar kowace na'ura ta ƙara ko ta rage. A ranar gwajin, kimanin kilowat 700 ne suka fito daga rufin jama'a, 600 daga tashar solar kamfanin, batura kuma suka riƙe layin.

Tsarin bai zo kyauta ba. Maigidan da ya sa faranti a rufinsa ya amince kamfanin ya rage abin da yake samarwa daga nesa idan layin ya cika. Ke nan kayan nasa ne, amma ba shi kaɗai ke da iko da su ba. Duk da haka, ya fi a ce masa babu gurbi kwata-kwata.

Tekun ma na da nasa haraji. Iskar da ke ɗauke da gishiri tana cin ƙarfe da kusoshi, ga shi garin na cikin wuraren da mahaukaciyar guguwa ta fi addaba a ƙasar, abin da ke tilasta ɗaure faranti da ƙarfi fiye da na sauran yankuna.

Abin mamakin shi ne Onslow ba ya ƙarancin gas: kimanin kilomita 12 daga garin ne kamfanin Chevron ke da katafariyar masana'antar Wheatstone, wadda ta fara fitar da gas zuwa ƙasashen waje a 2017.

A 2024, Horizon Power ya fara faɗaɗa irin wannan tsari zuwa sauran garuruwansa da sunan Smart Connect Solar, inda ya soma da Carnarvon.