Baje Kolin Duniya: An Kai Ganuwa, An Bar Mai Fartanya

Tun da aka rufe baje kolin duniya na Osaka a Oktoban 2025 nake jin ana kwatanta shi da wanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a titin Gidan Zoo a Kano, wai girma ne kawai ya bambanta su. Ina! Can ba tukwane da atamfa ake kaiwa ba. Kowace ƙasa fuskarta take kaiwa a gani.

Dubi na Brussels ta Beljiyam a 1958, babba na farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sama da mutum miliyan 41 suka shiga, aka gina Atomium mai tsawon mita 102 don kirarin zamanin nukiliya. Amma a gefe aka zaunar da 'yan Kwango bayan shinge suna sana'ar hannu, 'yan kallo na jefa musu ayaba. Kafin a tashi bikin suka tattara nasu ya nasu.

Mu ma an taɓa baje mu. A Wembley ta Landan, a 1924, Turawa sun gina ganuwa irin ta Kano, suka zuba masu sana'a a ciki. An ga ganuwa. Daga baya duniya ta ga hotunan dalar gyaɗa. Wanda ya noma gyaɗar fa?

Shi yana Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba a san a bar ta ta huta ba. Da rani jakuna ke jigilar taki a mangala, a jibge shi tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona ɗaya. Harawa ta hau rufin soro, awaki su ci, kashinsu ya koma gona. Gawo kuwa ba a sare shi, don da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Sai da Bature Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan noma kafin masu digirinmu su yarda ilimi ne. Dalar ta rushe bayan farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975, amma gonakin suna nan suna ciyar da kasuwar hatsi ta Dawanau.

Baje koli na 2030 a Riyad za a yi, nan Saudiyya. Jami'an hukumar bunƙasa noma ta Kano, KNARDA, da ma'aikatar gona, me kuke shiryawa? Kada mu sake ganin rumfa cike da hoton hawan sallah da buhun da ba a san gonarsa ba. Ku tafi Kunchi ku ɗauko manomi, a ba shi tafinta.