Kwat Mai Maɓallai Sahu Biyu: Yadda Ake Gane Ta da Zaɓen Wadda Ta Dace da Jiki

Sabon Garin Gusau unguwa ce da ta bunƙasa bayan isowar layin dogo daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920, kuma zaman ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu ya sa ɗinkin Turawa ya daɗe da samun gindin zama a cikinta. Ko da yake babbar riga da kaftani su ne suturar yau da kullum a Zamfara, lauya mai shiga kotu da ma'aikacin banki da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau mai shirin kare kundinsa ba sa rasa ranar da kwat za ta zama dole. Daga cikin nau'o'inta, wadda ta fi wuyar zaɓe ita ce mai maɓallai sahu biyu, wato wadda gabanta na hagu ke hawa kan na dama da faɗi, ƙirji ya rufu da yadi ninki biyu.

Asalinta rigar sojojin ruwan Ingila ce, waɗanda ninkin ke kare su daga iskar teku. Ta yi tashe a shekarun 1930, aka hana ɗinka ta a Birtaniya a 1942 domin tsimin yadi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ta sake dawowa a shekarun 1980. Ana rarrabe ta da lissafin maɓallai: wadda aka fi sani tana da shida, biyu ne kawai ke da ramin ɗauri, kuma a al'ada na ƙasan ma a buɗe ake barinsa, akwai mai huɗu, akwai kuma wadda ake ɗaurewa a sahun ƙasa kaɗai, salon da ake dangantawa da Yarima George na Kent. Daga ciki akwai ɓoyayyen maɓalli da ke riƙe gefen da aka rufe, wanda in an manta da shi gaban kwat ya karkace. Kwalarta kuwa mai tsini ce, bakinta na duban kafaɗa.

Kuskuren da ya fi yawa yana da tushe a ɗabi'ar sutura, domin mutumin da ya saba da yalwar babbar riga yakan ɗauka cewa girma shi ne mutunci, sai ya zaɓi kwat da ta fi shi, alhali wannan ɗinki ba ya yafe rara. Kafaɗa ce ma'auni na farko: ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗa ya ƙare, saboda tela zai iya rage ƙugu ko tsawon hannu cikin sauƙi, amma gyaran kafaɗa kusan sake ɗinki ne. Wannan ya fi shafar mai sayen gwanjo, wanda kyan yadi da arahar kuɗi kan ruɗe shi. Bayan an ɗaura maɓalli, idan yadin ya ja ya yamutse zuwa gefe, kwat ta matse. Idan kwala ta buɗe ta bar ƙirji, kwat ta yi yawa. Maɓallin ɗauri ya faɗo kusa da ƙugu, tsawon ya rufe mazaunai, hannun riga ta ciki ya leƙo da kamar santimita 1.

Maganar da ake yi cewa dogo siriri kaɗai take yi wa kyau ba gaskiya ba ce duka. Gajere zai amfana da mai maɓallai huɗu ko mai ɗauri a ƙasa, domin doguwar kwala tana ja wa ido tsawo, mai jiki kuma ya nemi wadda tazarar sahun maɓallanta ba ta da faɗi, da launi mai duhu kamar shuɗi ko ruwan toka.

Sai batun zafi, wanda tsarin Landan bai yi la'akari da shi ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan kai digiri 40, kuma tunda kwat ɗin ba a barinta a buɗe in ana tsaye, yadin roba azaba ne. Ulu mara nauyi ko lilin ko auduga sun fi, tare da shafi rabi, wato a bar bayan ba shafi, da tsaga biyu a baya domin zama ya yi sauƙi; mai kauri a ajiye ta sai hunturu.