Manhajar Garkuwa da Bayanai: Alamominta da Hanyoyin Kariya

Manhajar garkuwa da bayanai muguwar manhaja ce da ke kutsawa cikin kwamfuta ta kulle hotuna da takardu ta hanyar rikita abin da suka ƙunsa, sannan masu ita su nemi kuɗin fansa, galibi da Bitcoin, kafin su bayar da mabuɗin. Ana gane ta idan fayiloli suka ƙi buɗuwa, sunayensu suka sauya, saƙon barazana kuma ya bayyana a allo. A watan Mayun 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150, har ta dagula aikin asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun watan Maris.

Saboda haka rigakafin ya haɗa da sabunta Windows, da ƙin buɗe fayilolin da aka maƙala a imel na baƙi, da ajiye kwafin bayanai a faifan da ake cirewa. Idan muguwar manhajar ta kama kwamfuta, sai a katse intanet, a share ta da manhajar kariya, a dawo da bayanai daga kwafin, domin biyan fansa ba ya tabbatar da samun mabuɗi.