Ciwon dajin mafitsara: gado ne kawai?

Wani saƙo na ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, ba sunan likita, ba sunan asibiti. Wai ciwon dajin mafitsara gado ne zalla: in ba a taɓa yinsa a gidanku ba, kwanta ka sha barcinka ko da ka ga jini a fitsari. In an taɓa yi, a ɗebi jininka, gwaji ɗaya zai faɗa maka makomarka. An ƙara da cewa ana ɗaukarsa a masai, kuma jiƙon wata saiwa na wanke shi. Waɗannan biyun ƙarya ce tsagwaronta.

Batun gadon ne abin tsoro, don yana da ƙamshin gaskiya. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi cutar, haɗarinsa ya kusa ninka na sauran mutane, kodayake mutanen gida ɗaya kan shaƙi hayaƙi ɗaya, su shiga rafi ɗaya. Akwai kuma larurar Lynch, wadda ta ci sunan likitan Amurka Henry Lynch. Tangarɗa ce a ƙwayoyin halittar da ke gyara kuskure a jiki, kamar MSH2. Ta fi jawo dajin hanji da na mahaifa, sannan na ƙoda da bututun da ke sauko da fitsari. Duk ɗan mai ɗauke da ita, rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira. Likitoci kan nemi gwajin idan dangi da dama sun yi waɗannan cututtuka, musamman kafin shekara 50. Sakamakon ma ba hukunci ba ne, dalili ne na ƙara sa ido.

Amma yawancin masu dajin mafitsara ba gadonsa suka yi ba. A Turai da Amurka, sigari ce ke da alhakin kusan rabinsu. A ƙasar Hausa kuwa ga tsargiya. Tsutsarta na fitowa daga dodon koɗi a tafki, madatsar ruwa da fadamar shinkafa, ta huda fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Shekara da shekaru wurin na kumburi yana miki, har ya iya rikiɗa ya zama daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa a jerin tabbatattun masu haddasa shi. A Masar, ciwon ya taɓa zama kan gaba a dajin maza, kuma nau'in da tsargiya ke kawowa ya ragu sosai bayan an yaƙe ta. Babu gwajin gado da zai nuna cewa mutum ya yi ƙuruciyarsa yana ninƙaya a kududdufi.

Wanda ya binne uba ya tura saƙon nan cikin firgici, ba a ga laifinsa ba. Wanda ya zauna ya rubuta shi kuwa ya cuci jama'a, a yankin da har yau wasu ke ɗaukar fitsarin jinin yaro alamar balaga. Yaron nan maganin praziquantel yake buƙata, wanda ake rabawa kyauta a makarantu. Babban mutum kuma da ya ga jini, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya je asibiti a auna fitsarin, a ɗauki hoton ciki, in ta kama a leƙa mafitsarar da siririn bututu mai kyamara. Jinin kan ɗauke na makonni alhali ƙarin na ci gaba da girma.