Tsargiya da Madatsun Ruwa: Darasin da Malumfashi Ta Koyar

Shin ka san cewa wani ɓangare na abin da likitoci suka sani game da tsargiya a Arewa, a ƙauyukan Malumfashi aka gano shi? A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta haɗa hannu da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool a Ingila, suka kafa aikin bincike a yankin. A lokacin asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin koyarwa na jami'ar, don haka masu bincike da ma'aikatan lafiya tare suke aiki.

To me ya haɗa tsargiya da muhalli? Ka ga, mai ciwon idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa. A nan suke yaɗuwa, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, wanki ko ban-ruwa. In babu katantanwar, cutar ba ta da hanya. Shi ya sa masu binciken suka riƙa bin yawan katantanwa bayan an gina ƙaramin dam a Ruwan Sanyi, suna kuma lura da waɗanda suka fi shiga ruwan. Yara maza ne suka fi kamuwa, domin su ne 'yan ninƙaya.

Darasin bai tsufa ba. Noman rani a Mairuwa da Gwaigwaye na Funtua yana ciyar da gidaje, amma ruwan da ke kwance gida ne ga katantanwa da sauro. Maganin praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta yana kashe tsutsar, sai dai yaro na komawa ruwan zai sake ɗauka.

A nan haɗin gwiwar ke da amfani. Jami'a na da ɗakin gwaji da ɗalibai, duba-gari kuwa shi ya san kowane kududdufi da masai a unguwa. Jami'a ta gano ruwan da ke ɗauke da cutar, hukuma ta kai magani, rijiyar burtsatse da makewayi daidai wurin.

Kai kuma, in ka ga jini a ƙarshen fitsarin yaronka, kada ka ɗauka alamar balaga ce. Ka kai shi a gwada.